Wace waƙar anime ce ta dace namiji ya rera a walimar ƙarshen shekara?

Auwal Nagoya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan ta Japan. A kamfaninmu an tsayar da ranar bonenkai, walimar nan ta ƙarshen shekara da ake yi cikin Disamba, kuma al'adarsu duk wanda aka ɗauka aiki a shekarar sai ya fito ya nishaɗantar da jama'a. Abokan shigowata biyu wasan barkwanci za su yi, ni kuma da yake sun san ina kallon anime, wato katun ɗin Japanawa, sai suka ce waƙa zan yi. Mun kai mu talatin a sashen, yawanci maza, daga 'yan shekara ashirin da wani abu har masu shirin ritaya. Muryata kakkaura ce. Raina ya fi kwanciya da "Unravel" ta Tokyo Ghoul, don tun ina Kano na haddace ta. Me kuka gani?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Auwal ƙanena, ka bar "Unravel" a wayarka, ka ci gaba da jin abarka a jirgin ƙasa. Waƙa ce mai kyau, ba na musu. Amma TK da ya yi ta a 2014 siririyar murya gare shi, yana farawa kamar mai raɗa, can kuma ya ɗaga har ya koma ƙara. Kai kuma ka ce muryarka kakkaura ce. Ka tuna inda za ka tsaya: ana ta kai da kawo da faranti, wasu na hira, wani na kiran ma'aikacin gidan abinci. Kafin a gane ka fara, rabin baitin farko ya wuce. In kuma ka iso inda ake ɗagawa murya ta ƙi, babu mai iya taya ka, don ba waƙar da ake amsawa ba ce.

Abin da na lura da shi a irin wannan zama shi ne, ba gwanintarka aka zo aunawa ba. So ake a ga baƙon nan ya ɗauko abin da kowa ya sani, a yi tare da shi. Don haka ka fara duba shekarun shugaban sashenku. In haihuwar wajen 1975 ne, yana ɗan sakandare aka fara Dragon Ball Z a 1989, duk Laraba da ƙarfe 7 na yamma a Fuji TV, kuma "Cha-La Head-Cha-La" ta Hironobu Kageyama ce ta buɗe shirin har kashi na 199. Mutumin da ya yi shekaru yana jin abu duk mako yana yaro, ba sai ka roƙe shi ya amsa ba, bakinsa ne zai riga shi.

Sadiq Fukuoka: Baba, da girmanka, amma ni fa ban gamsu ba. Duk ranar da aka yi irin tambayar nan sai a mayar da mu waƙoƙin kafin a haife mu. Ai akwai matasa a wurin. "Bling-Bang-Bang-Born" ta Creepy Nuts a 2024 babu lungun da ba ta shiga ba, har 'yan firamare suna rawarta. "Kick Back" ta Kenshi Yonezu ma haka. Idan Yaya Auwal ya fito da sabuwa za a san yana tare da zamani, ba wai an rubuto masa ya zo ya karanta ba.

Baban Hanifa: Sadiq, ka taɓa rera "Bling-Bang-Bang-Born" ɗin tun daga farko har ƙarshe da makirufo a hannu, rubutu na gudu a allo?

Sadiq Fukuoka: Amshin kam ina yi sosai. Baitocin ne ke da sauri.

Baban Hanifa: To ai nan maganar take. R-Shitei da ke rera ta sau uku a jere ya ci babbar gasar gambarar baka ta ƙasar nan, daga 2012 zuwa 2014. Japanawan da aka haifa da harshen ma harshensu na sarƙewa a baitocin nan. Amshin daƙiƙoƙi kaɗan ne, sauran duk kai kaɗai za a bari da allo. "Kick Back" kuma sai canza hawa take yi ba sanarwa, a tsakiya ta juye ta zama wata waƙa daban. In kana da wata uku da malamin murya, bismillah. Auwal makonni gare shi, ga aikin kamfani.

Anti Bilki Osaka: Bari mu masu sauraro mu sa baki. Na halarci irin walimar nan a wurin aikina, na kuma ga maza da yawa sun tashi. Wallahi abin da ya fi ba ni tausayi shi ne mutum ya zaɓi waƙar da ta fi ƙarfin maƙogwaronsa. Za ka ga jijiyar wuya ta tashi, ya runtse ido, hannun da ke riƙe da makirufo na rawa, jama'a kuma su yi tsit suna tafi a hankali don kada ya ji kunya. Japanawa ba za su taɓa nuna maka ka gaza ba, amma kai da kanka za ka ji a jikinka.

Akwai wani dattijo a sashenmu, mutum mai shiru-shiru, gaisuwa kaɗai ke haɗa shi da mutane. Da aka miƙa masa makirufo sai ya miƙe, ya gyara kwat ɗinsa, ya sa ta shirin Uchu Senkan Yamato. Kakakin farko na tashi sai na ga maza masu furfura sun ajiye tsinken cin abinci. Bai motsa daga inda yake tsaye ba, bai yi ihu ba, muryar ce kawai ke fitowa daga ƙirji. Kafin ya kai amshi teburi uku sun ɗauka. Auwal, in da gaske muryarka mai kauri ce, ka saurari wannan kafin ka yanke shawara.

Baban Hanifa: Hajiya ta riga ni. Isao Sasaki ne ya rera ta a 1974, Hiroshi Miyagawa ya yi kiɗan, Yu Aku ya rubuta baitocin. Sasaki kakkaurar murya gare shi, irin wadda yawancinmu muke da ita, kuma waƙar ba ta gudu, kowace gaɓa tana da wurin zamanta. Kada ka ce tsohuwa ce matasa ba su san ta ba. 'Yan badujalar makarantun sakandare na busa ta a gasar ƙwallon baseball ta Koshien, don haka ko wanda bai taɓa kallon shirin ba ya san kiɗan.

Sadiq Fukuoka: Amma ai ta yi nauyi, Baba. Walima ce fa, ba faretin soja ba. Labarin masu barin duniya ne ba su san ko za su dawo ba.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. A nan kam ina bayan Sadiq. Yamato tana sa mutane su nutsu ne, ba ta tayar da wuri. Idan a farkon zama aka kira ka, ta yi daidai. Idan kuwa can wajen ƙarshe ne, an ci an ƙoshi hayaniya ta kaure, gara wadda za a yi tsalle. Ni "We Are!" ta One Piece zan ba da shawara. Hiroshi Kitadani ya rera ta a 1999, kuma da yake shirin bai ƙare ba tun lokacin, ɗan shekara 22 ya san ta, ɗan 45 ma ya san ta. Maganarta kuma ta abota ce da tafiya tare, abin da ya dace da abokan aiki ke nan. Inda take da wuya shi ne ƙarshen amshi, akwai ɗan hawa.

Auwal Nagoya: Na gode ƙwarai. Yanzu na gwada "We Are!" da "Cha-La" a ɗaki, duk biyun akwai inda muryata ke yankewa a sama. Yamato kuwa ta zauna mini daram. Sai dai ina tsoron abin da Sadiq ya faɗa.

Baban Hanifa: Ai injin karaoke, mai sa kiɗa kai ka rera, an yi shi da maganin wannan. Ko DAM ne ko JOYSOUND, a jikin rimot ɗin akwai wurin sauke sauti da ɗaga shi mataki-mataki. Sauke "Cha-La" mataki biyu ko uku ka ji yadda za ta koma. Babu wanda zai ce ka yi ha'inci, su ma haka suke yi. Abin da zan gargaɗe ka kawai, kada ka sauke ta har ta rasa ƙarfinta. Irin waɗannan waƙoƙi suna so a ji kana ɗan yunƙuri a amshi. In ka sauke da yawa sai ta koma kamar kana magana.

Ka samu rana ɗaya ta mako ka shiga ɗakin karaoke kai kaɗai da rana, lokacin ya fi araha. Ba abin kunya ba ne a nan, hitokara suke ce masa, har ɗakunan mutum ɗaya ake warewa. Ka rera kowacce a matakai daban-daban, ka ɗauka a waya, ka saurara a hanyar gida. Wanda ya yi maka daidai ka rubuta lambar a takarda, ka ba mai riƙe rimot ranar walima. Kada ka bari sai kiɗa ya tashi ka tsaya lalube.

Malam Habu Tsukuba: Assalamu alaikum. Ku yi mini haƙuri zan ɗan karkata. Tun ɗazu ana ta maganar wace waƙa, ba wanda ya tambayi ko ya dace a je ɗin. Mun san abin da ake sha a bonenkai. Sannan batun kiɗa kansa malamai sun yi magana a kai, da yawansu sun hana. Auwal ƙaninmu ne, haƙƙinsa ne a kanmu mu tuna masa.

Auwal Nagoya: Allah ya saka da alheri, Malam. Na yi tunanin hakan. Tun da na fara aiki sun san ba na sha, ba na cin alade, har mai shirya walimar ya zo da kansa ya tambaye ni abin da za a tanadar mini.

Malam Habu Tsukuba: Madalla da hakan. Ni dai abin da nake so ka sani shi ne ba dole ba ne. Ni ina gaya musu cikin ladabi cewa ba na zuwa, kuma ban ga ya rage mini komai a wurin aiki ba. In ka ga za ka je, ka zauna nesa da kwalabe, ka riƙe shayin ulon ɗinka, ka yi sallarka a kan lokaci, kuma idan aka tashi zuwa zama na biyu da suke kira nijikai ka yi musu sallama. Sannan ka san ma'anar abin da bakinka zai furta. Kada daɗin kiɗa ya sa ka rera kalmar da ba za ka iya faɗa da Hausa a gaban mahaifinka ba.

Admin: Malam ya yi nasiha, Allah ya ba da lada. Hukuncin kiɗa da halartar irin wannan zama kowa ya koma wa malamin da ya amince da shi, kada mu buɗe wannan babin a nan don mun san inda yake kai mu. A ci gaba da amsa tambayar Auwal.

Anti Bilki Osaka: Maganar Malam ta ƙarshe ta tuna mini da biki. Masu zuwa ɗaurin auren abokan aiki, ku kula sosai. A bikin Japanawa akwai kalmomin da ba a furtawa, irin su rabuwa, yankewa, ƙarewa. Na san maza da yawa na son "Sekai ga Owaru made wa" ta WANDS, wadda ke rufe Slam Dunk a 1994, kuma gaskiya tana da daɗi a bakin namiji. Amma ƙarewar tana nan tun a sunanta, wato "har sai duniya ta ƙare", cikinta kuma kewar wanda aka rasa ce. Ka rera ta a bonenkai ba komai, ka kai ta gaban ango da amarya kuwa iyayensu ba za su ji daɗi ba. Don biki gara "Dan Dan Kokoro Hikareteku" ta Field of View, ta Dragon Ball GT a 1996. Izumi Sakai ta ZARD ce ta rubuta ta, soyayya ce mai tsabta, kuma ba ta da gudu. Duk da haka a tambayi ma'auratan tukuna.

Ɗan Maiurno: Salam ga kowa. Ni a Sudan na tashi, mu kuma da Larabci muka san waɗannan abubuwa. Grendizer da muryar Sami Clark ɗan Labanan, Allah ya sa an san shi, a 2022 ya rasu. Captain Tsubasa kuma Kaftin Majid muke ce masa. Sai da na zo nan na ji ta asalin Grendizer ta 1975, ashe Sasaki ɗin nan da Baban Hanifa ya ambata shi ya rera ta. A wani taron ɗaliban ƙasashen waje na yi baiti ɗaya da Japananci, sannan na ce musu ga yadda muka ji ta a bakin Kogin Nilu, na yi ta Larabcin ba kiɗa. Wani farfesa ya taso ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce bai taɓa sanin abin ya kai can ba. Auwal, ko jimla biyu ce ka faɗa kafin ka fara, ka gaya musu a ina ka fara jin waƙar. Wannan yana taɓa su fiye da daɗin murya.

Ɗan Damagaram: Mu kuma da Faransanci, Goldorak muke ce masa, Tsubasa kuma Olive et Tom. Amma ɗan'uwa, a taron ɗalibai ne ta yi maka aiki. Grendizer ya fi suna a ƙasashen Larabawa da Faransa fiye da nan gidansu. A kamfani in ana son ta wannan zuri'ar, Mazinger Z ta 1972 ce kowa ya sani.

Baban Hanifa: Haka ne. Ichiro Mizuki ne ya rera ta, wanda suke kira Aniki, wato babban yaya. A Disambar 2022 ya rasu. Ita Mazinger gajeriya ce, ko minti uku ba ta kai ba, kuma a ƙarshen amshi akwai inda kowa ke ɗaga hannu ya yi ihun harafin nan na ƙarshe tare. Wannan shi ne abin da nake ta son Sadiq ya gane. Waƙoƙin wancan zamanin an gina su ne don yara su rera a gaban talabijin, shi ya sa aka bar wa jama'a gurbi a cikinsu. Kamar waƙar Shata ce, rabin aikin na 'yan amshi ne. Na yanzu kuwa yawanci fitattun mawaƙa ne ke yin su daidai da muryarsu, don a saurara a yaba. Kyau kam suna da shi, amma ba su bar maka ƙofar da wani zai shigo ya taimake ka ba.

Sadiq Fukuoka: Ba duka ba dai, Baba. "GO!!!" ta FLOW, ta Naruto a 2004, ai cike take da wuraren da jama'a ke amsawa. "Butter-Fly" ta Koji Wada ma, ta Digimon a 1999. Na ga 'yan ajinmu sun rungumi kafaɗun juna suna rera ta, wani har da hawaye, don mutumin ya yi fama da ciwon daji ya rasu a 2016 yana da shekara 42.

Baban Hanifa: To ka ga ka kawo masu kyau, kuma duk biyun sun haura shekara 20. Ban ce sai ta zamanina ba. Na ce wadda ta daɗe a kunnen mutane har ta zama tasu. "Butter-Fly" in masu shekara 30 zuwa 40 suka fi yawa, babu kamarta. Sai dai tana hawa a amshi, mai kakkaurar murya ya sauke ta.

Auwal Nagoya: Wata damuwar kuma ita ce lafazi. Rubutunsu na kanji har yanzu yana ba ni wuya, ina tsoron allo ya riga ni.

Ɗan Damagaram: Allon yana ɗora ƙananan haruffan furigana masu nuna yadda ake furtawa a saman kanji, amma kada ka dogara da shi. Haddace za ka yi, allo ya zama na tuni kawai, don idonka ya samu damar kallon mutane. Batun lafazi kuwa Bahaushe ya ci sa'a. Wasulansu biyar ne kamar namu, suna da dogo da gajere kamar namu, suna ninka baƙi kamar yadda muke yi. "Fu" ɗinsu ma da leɓe ake yin ta irin ta Hausa. Inda za ka kula shi ne "tsu". Tamu "ts" tana da ƙarfi daga maƙogwaro, tasu sassauƙa ce, iska kawai. Sai kuma dogon wasali, kada ka gajarta shi, don a waƙa kowace gaɓa da bugunta, in ka haɗiye ɗaya sai ka riga kiɗa.

Ka guji masu cakuɗa harsuna. "Guren no Yumiya" ta Attack on Titan da Jamusanci take buɗewa, cikakkiyarta ta haura minti biyar, kalmominta kuma ko a jarida ba ka cika ganinsu ba.

Anti Bilki Osaka: Tsawo ma abin dubawa ne. Wasu waƙoƙin injin yana da gajerensu na talabijin, wajen minti ɗaya da rabi. Gara ka sauka ana cewa a ƙara da a fara duba waya kana tsaye.

Auwal Nagoya: To ga inda na tsaya. Zan tambayi mai shiryawa lokacin da za a kira ni. In da wuri ne Yamato, in can ƙarshe ne "Cha-La" a sauke. Zan shirya duka biyun.

Sadiq Fukuoka: Allah ya ba da sa'a, Yaya. Ni ma ina da tawa. A watan Janairu akwai taron sabuwar shekara na ɗaliban sashenmu, ni da wani abokina Bajapane muke so mu yi ta mutum biyu a kan dandamali, ba a teburin cin abinci ba. "GO!!!" muka fara tunani tunda FLOW mawaƙa biyu gare su.

Baban Hanifa: Dandamali daban ne, can mutane sun zauna ne don su kalle ku, kana iya ɗaukar mai wuya. Yaya muryar abokin naka?

Sadiq Fukuoka: Tana hawa sosai, yana rera na mata ba ya saukewa. Har "Gurenge" ta LiSA yana yi.

Baban Hanifa: To ku saurari "Ai o Torimodose!!" ta Crystal King, ta Hokuto no Ken a 1984. Dama don murya biyu aka yi ta, ɗaya a ƙasa ɗaya can sama. Mutum ɗaya in ya ce zai yi duka sai ya wahala, amma ku biyu kowa da rabonsa. Kai ka riƙe ta ƙasa, ka bar masa ta sama, kada ka bi shi ko da daɗi ya ɗebe ka. Malamanku masu shekara 50 za su san ta tun daga bugun farko.

Sadiq Fukuoka: Ɗalibai fa? Ban tabbata sun san ta ba.

Ɗan Maiurno: Ku yi biyun mana in an ba ku lokaci. Ku buɗe da ta Crystal King don malamai, ku rufe da "GO!!!" ɗalibai su tashi. Amma ku tambaya ko makirufo biyu ne a zauren, don wasu ƙananan zauruka ɗaya suke da shi, kuma ba a yin waɗannan da miƙa wa juna.

Sadiq Fukuoka: Zan tambaya gobe a ofishin ɗalibai. Baba, in mun yi gwaji zan turo maka muryar ta waya ka ji ko ta ƙasan ta zauna.

Baban Hanifa: Turo bayan isha'i, lokacin na dawo daga aiki. Ku ɗauka da kiɗan a mataki na asali tukuna, kada ku sauke sai na ji.